Ruwan da Babu Matsattsaku

Kwanaki jikan ƙanena ya zo rumfata da abokansa biyu, kowa da waya a hannu, wai in koya musu sana'ar kajiji kafin azumi. Kafin azumi fa! A tunaninsu abin bai wuce mutum ya sayo buhu a Kano, ya kai inji a niƙa, ya ɗura a 'yan robobi, ya liƙa takarda mai sunayen cututtuka rututu ba. Ɗayansu har yana karanto mini amfanin kajiji daga wayarsa, ni da na fara tonon sa tun ba a haifi ubansa ba. Ban yi musu faɗa ba. Na naɗe ƙafar wandona zuwa gwiwa na ce su duba ƙwaurina. Suka ga tabo baƙi-baƙi birjik, suka ce ko agana na yi ina yaro. Na ce musu matsattsaku ne, su samu wuri su zauna.

Gwaggo Tasalla ce ta koya mini, yayar mahaifina, a Kiyako. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, ni kuma ba ni da ƙirjin noma, ina yin kunya biyu sai haki. Mahaifina ya ce in je in riƙa ɗaukar mata kwando, ko na tsira da wani abu. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ke nan. Gwaggo gajera ce, baƙa, mai hannu kamar na maƙeri, kuma ba ta bayani. In ka tambaye ta dalilin abu sai ta dube ka ta ci gaba da aikinta, har ka gaji ka daina tambaya. Ni ban daɗe ba na daina.

Fitarmu ta farko bayan an gama yankan dawa ne, ruwan fadama ya fara ja da baya. Ta kai ni wani tafki da muke kira Kwarin Giginya, tafiyar hantsi guda daga gari. Kajiji a bakin ruwa yake fita, tsinkensa dogo, kore, mai rami a ciki, abin da ake nema kuma yana can cikin taɓo: 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu gashi, a jere jikin saiwa ɗaya. Na ɗauka muna zuwa za mu kama tono. Sai Gwaggo ta ajiye dagi, ta ɗaure zaninta a cinya, ta shiga ruwa zuwa gwiwa ta tsaya cak. Ba ta tono, ba ta magana. Ta yafito ni, na shiga na tsaya kusa da ita. Can na ji wani abu yana motsi a ƙwaurina, na ɗaga ƙafa na ga baƙin abu ya maƙale yana kumbura. Na ƙwala ihu. Ta ce, "Nawa?" Na ce biyu ne. Ta ciro garin taba daga bakin zaninta ta barbaɗa musu, suka saki, jini yana bin ƙafata. Ta ce, "To, bismillah. Miƙo dagin."

Haka take yi duk inda muka je, sabon wuri ne ko tsoho. Sai matsattsaku sun kama mutum za a taɓa kajiji. Sau biyu na ga ta yi tsayuwar nan har rana ta take ba abin da ya kama ta, ta fito ta ɗauki kwandonta wayam muka koma gida, alhali ga kajiji nan har ya kwanta don yawa. Na bar abin a kan camfin tsofaffi ne, irin na kada a yi shara bayan magariba. A raina na ce wataƙila wata sadaka ce take ba masu ruwan.

Tonon kansa ba ƙarfi yake so ba, hannu yake so. Za ka bi tsinken da yatsu har cikin taɓo, ka sa dagi daga gefe ka ɗaga a hankali, don in ka soke ƙwayar ta lalace, ruɓewa za ta yi kafin ta bushe. Tsofaffin ƙwayoyi baƙaƙe ake ɗauka, farare 'yan bana a mayar da su a danne da dunduniya. Wanda bai sani ba zai cika kwando da aya-aya ko gindin gwaigwaya, don a ido duk dangi ne. Hanci ke rabewa. Ka karya ɗaya da farce, in kajiji ne ƙamshin zai daki hancinka, mai ɗumi, mai ɗan ɗaci a ƙarshe. Na sha ranƙwashi a kan aya-aya har tsakiyar kaina ya saba.

In kwando ya cika ba gida ake kai shi ba. Ana rufe bakinsa da kaba, a ɗaure shi jikin turke, a nutsar da shi cikin ruwan tafkin kwana biyu, taɓon ya saki, ɗanyen ɗacin ya ragu. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa. Bayan nan a babbake gashin da harshen wutar kara, a kankare da 'yar wuƙa, a huda kowace ƙwaya da basilla tun tana da taushi, a zura bakwai-bakwai a zare. A inuwa ake shanya shi, kan asabari, rana ba ta ganin sa, don tana shanye ƙamshin ta bar maka itace. Kowane tono da irin zarensa. Na wannan tafki fari, na wancan baƙi, na bara da ƙulli ɗaya, na bana da biyu. Gwaggo ba ta san bihim ba, amma in ka kawo mata zaren da ta sayar shekara uku da suka wuce za ta gaya maka ruwan da ya fito.

Masu saye kuwa, yawancinsu mata ne da tsofaffi. Mai jego ana daka mata shi da kimba da citta da masoro a zuba a kunun kanwa. Wanda cikinsa ya kumbura ya jiƙa ya sha. Mai mura ya jefa a garwashi ya lulluɓa da mayafi. Amare suna turara kaya da shi, wasu su sa a ƙasan adaka saboda asu. Jariri kuma in yana murɗe-murɗen ciki yana kuka, sai a goga ƙwaya ɗaya a kan dutse da ɗan ruwa, a ɗiga masa a baki. Akwai wani ladan a Birnin Kudu, Malam Buba, wanda ba ya hawa kiran salla sai da ƙwaya ɗaya a kumatu, ya ce tana buɗe masa maƙogwaro. Alhazai sukan zo da wata saiwa daga Gabas, doguwa mai gaɓa-gaɓa, ita ma 'yar bakin ruwa ce, aikinsu kusan ɗaya, amma ta fi namu zafi, ba a ba jarirai. Abin da kajiji ba ya yi kuma Gwaggo ba ta ɓoyewa. Na ga ta kori wani mutum da ya zo da kumburin wuya, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti tun kana tafiya da ƙafarka." Ya zage ta ya tafi.

Shekara goma sha ɗaya na yi a hannunta kafin idonta ya mutu. Daga nan na koma Birnin Kudu da iyalina, na kafa rumfa, ina cin kasuwar garin da ta Gwaram da wasu ƙanana a tsakani. Lokacin duniya ta fara sauyawa. Aka canja kuɗi, aka zuba kwalta, manyan motoci suka yawaita, kemis ya buɗe a bakin tasha yana sayar da ƙwayoyi ja da rawaya. Malaman gona suka kawo takin zamani da maganin feshi a kwalabe masu ruwan ƙasa-ƙasa. Ni ma na sayi keke da rediyo, na fara jin kaina wayayye. Tsayuwar Gwaggo ban daina ta da gangan ba. Abin da ya faru shi ne, duk tafkin da ka shiga, kafin ka cika rabin kwando matsattsaku sun riga sun same ka, ko ka tsaya ko ba ka tsaya ba. Sai na riƙa shiga in kama tono kai tsaye, su kuma su yi aikinsu. Shekaru ina haka ba abin da ya faru.

Sai aka yi shekarar fari. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Damina ta ɗauke gero yana bununi, rijiyoyi suka ja, shanun Fulani suna faɗuwa a kan hanya ba mai ƙarfin fiɗe su. Tafkunan da nake tono guda biyar, huɗu suka bushe ƙaf tun kafin kaka, ƙasar ta tsage har ƙafa na shiga. Ga kuma ciwon ciki ya yi yawa, don mutane suna cin abin da ba su saba ba, dusa da ganyaye da gari mai tsutsa. Kullum ana tsaye a rumfata ana tambayar kajiji, ni kuwa asabarina wayam.

Kwarin Giginya ne kaɗai ya rage da ruwa. Na je ranar wata Talata da sassafe. Ruwan ya koma kamar faɗin masussuka, amma kajiji na nan a gefensa, ba wanda ya taɓa. Na tuɓe riga na shiga. Tun hantsi nake tono har azahar, na cika kwando biyu, abin da ban taɓa yi a wuni ɗaya ba. Da na fito na zauna zan barbaɗa garin taba, sai na ga ƙafafuna fes. Ko guda ɗaya babu. Ku ji abin da na yi: na yi dariya, na ce alhamdu lillahi, yau ko matsattsaku sun tausaya mini. Na lura wurin ya yi tsit, ba kukan kwaɗi, ba balbela ko ɗaya, na ce yunwa ce ta kore su kamar yadda ta kori kowa. Na rufe kwandunan da kaba, na nutsar da su a ruwan nan, na bar su kwana biyu cur suna sha.

Zare sittin na samu. Na sa musu jan zare, don farin ya ƙare mini. Ƙamshinsu lafiya lau, har ya fi na kullum ƙarfi. Cikin kasuwa uku na sayar da arba'in da uku.

Wanda ya fara zuwa wani tela ne maƙwabcina, Malam Isa. 'Yarsa 'yar kwana arba'in tana jijjiga, idonta yana juyewa, kumfa a baki. Ya ce tun jiya da aka ɗiga mata kajiji abin ya fara. Na bi shi gida na duba. Mu a sana'armu in jariri yana irin wannan, iska muke cewa, maganin iska kuwa hayaƙin kajiji ne da ɗigonsa. Da bakina na ce a ƙara mata, safe da yamma. Allah Ya taimaki yarinyar nan da uwa mai taurin kai. Tana ganin abin ya ƙaru ta goya ta ta nufi asibiti, ba ta ko jira mijin ya dawo daga kasuwa ba.

Washegari Malam Buba ladan ya zo, yana tafiya yana dafa bango. Ya ce, "Haladu, wane irin kajiji ka ba ni? Leɓena ya mutu, harshena kamar ba nawa ba, tun asuba nake amai. Yau wani ne ya kira salla." Na ce ko wani abu ya ci. Ya ce shekara nawa yana taunar abin nan, ya san ɗanɗanonsa, wannan akwai wani abu a bayan ɗacin, kamar kananzir. Ina komawa gida matata ta nuna mini agwaginta uku a bayan ɗaki, sun miƙe ƙafa, daidai inda ta zubar da ɓawon da muka kankare.

Ban tsaya cin abinci ba na hau keke sai Kiyako. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta tsufa ƙwarai, amma ta gane takuna. Na durƙusa na zayyana mata komai, jaririyar, ladan, agwagin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "A ina ka tono?"

"Kwarin Giginya, Gwaggo. Wurinmu na kullum."

"Nawa suka kama ka?"

Na dubi ƙwaurina.

"Haladu, da kai nake. Nawa?"

"Ko ɗaya."

Ta ajiye carbin. Ta ce, "Ka kuma jiƙa a ciki?" Na ce kwana biyu. Ta yi salati. Sannan ta ce, "Masunta in suna son kifi ba wahala, magimfa suke dakawa su zuba a tafki, kifi ya taso ya mutu. Ruwan da aka zuba wa magimfa ba ka gane shi da ido, ba ka gane shi da hanci. Matsattsaku ne ke fara gudu, su ne kuma ke ƙarshen dawowa. In sun kama ka, ruwan da rai. In ba su kama ka ba, an kashe shi. Me kake tsammani nake tsayawa yi shekara da shekaru, wanka?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba ki taɓa gaya mini ba."

"Kai ka taɓa tambaya ta biyu? Sau ɗaya ka tambaya kana yaro, na yi shiru in ga ko abin ya dame ka, ka share. Laifina ne da naka. Amma yanzu ba lokacinsa ba ne. Zare nawa ya fita?" Na gaya mata. Ta ce, "Tashi ka karɓo su. Duka. Abin da ka tono naka ne ko yana cikin adakar wa."

Na biya ta tafkin a kan hanya. Ban sha wahalar nema ba. A cikin ciyawa, ta gefen da ban bi ba ranar, ga kwalaben maganin feshi guda huɗu a yashe, da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinsu. Ba magimfa ba ce, abin da ya fi ta sau nawa ne. Wasu da yunwa ta kora suka juye shi don su kwashi 'yan tarwaɗar da suka rage. Ban san su ba, ban kuma taɓa neman sanin su ba. Magimfa kwana kaɗan take yi ta wuce. Wannan kuwa shekara uku tafkin bai sake yin kwaɗo ba.

Karɓo kaya ba a yin sa a ɓoye. Na je wurin sarkin kasuwa na gaya masa, ya dube ni ya ce, "Ka san abin da kake shirin yi wa kanka?" Na ce na sani. Ya ba ni mai shela, amma na ga mutumin yana tauna maganar, yana cewa wai kajijin bai bushe da kyau ba. Na karɓi abin da kaina. Na hau kan wani turmi a tsakiyar 'yan hatsi na ɗaga jan zare sama na ce, duk wanda ya sayi irin wannan a hannun Haladu kada ya sha, kada ya ba yaro, akwai guba a ciki, ni na jiƙa shi a ruwan da aka zuba wa maganin feshi. Haka na yi a Birnin Kudu, haka na yi a Gwaram, na bi ƙauyuka har Yalwan Damai gida-gida. Wata mata ta jefe ni da zaren a fuska. Wani ya riƙe wuyan rigata sai da aka ɓamɓare shi. Mai kemis ɗin tasha ya fito ƙofar shagonsa yana ce wa mutane ga irin abin da yake faɗa musu kullum. Ni dai zare nake ƙirgawa. Cikin kwana biyar na haɗa arba'in da biyu, wasu cikakku, wasu an ci rabi. Mutum shida suka kwanta, duk suka tashi. 'Yar Malam Isa ma ta rayu, sai dai har ta girma tana jan ƙafar hagu.

Saura ɗaya, kuma na san wadda na ba. Wata tsohuwar Bafulatana ce mai tallar nono a kasuwar Gwaram, Inna Dudu, ta daɗe tana saye a wurina. Ranar ta ce mini matar babban ɗanta ta haihu, namiji, ɗan fari, yana kukan ciki. Ni na zaɓar mata zaren da ya fi manyan ƙwayoyi. Da na tambayi 'yan'uwanta masu nono, suka ce rugarsu ta tashi neman ruwa, sun yi wajen Fagam. Kwana uku ina bin sawunsu, keke a hannu fiye da a ƙarƙashina saboda yashi da duwatsu. Duk rugar da na tarar sai a ce sun wuce gaba.

Na same su da rana tsaka a gindin wani dutse, bukkoki huɗu da 'yan shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ya fito. Tun daga nesa na hangi ɗan tudun sabuwar ƙasa an rufe shi da ƙaya, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Na tsaya riƙe da keke. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, ban kuma sake ji ba.

Inna Dudu ce ta fito. Ta ce, "A'a, mai magani! Kai ne da ƙafarka har nan?" Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono a ƙwarya, ɗan kaɗan, na san shi ke nan abin da suke da shi. Wata yarinya tana zaune a bakin bukka ta juya mana baya, ba ta kuka, ba ta motsi. Uwar yaron ce. Na yi musu gaisuwa. Inna ta ce shekaranjiya ya cika. Ta ce, "Iska ce ta bi mu daga wancan mashayin. Mun yi iyakar yinmu. Maganinka ne kaɗai muke da shi, ni nake goga masa da kaina, safe, rana, yamma. In na ɗiga masa sai ya ɗan yi shiru. Allah Ya saka maka da alheri."

Na ce, "Inna, akwai saura?"

"Akwai uku." Ta taɓa bakin zaninta. "Na ajiye wa matar ƙaramin ɗana, wata mai kamawa za ta sauka."

"Ki ba ni su, in kawo miki sabo ranar kasuwa."

"Wace kasuwa? Mu da ba mu san inda za mu kwana jibi ba. Bar mini abina."

Na ce zan musanya mata da kimba da kanumfari, duk abin da ke cikin jakata. Ta yi murmushi ta ce ita kajiji ta sani, wannan kuma mai kyau ne, ba ta taɓa samun mai ƙamshinsa ba. Na zauna ina duban ƙwaryar nonon. Na yi tunanin in ce na manta ban yi masa wata addu'a ba. Na yi tunanin in fizge in hau keke. Amma ko na raba ta da ukun nan da dabara, akwai dutsen da take goga shi a kai, akwai ƙoƙon da take jiƙawa, duk sai an yar. Ba yadda za a yi ta yar da su ba ta san dalili ba.

Na gaya mata. Tafkin, kwalaben, kwandon da na jiƙa, agwagin, komai. Na ce ba iska ba ce, abin da ke cikin zaren nan ne, kuma ni na sa shi a hannunta.

Ba ta yi ihu ba. Ta dubi bukkar da yarinyar take, ta rage murya don kada ta ji. Ta ce, "Wato duk sanda ya yi shiru ɗin nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta kwance bakin zaninta a hankali, ta ciro jan zaren da ƙwaya uku a jiki, ba ta miƙo mini ba, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ta ce, "Da ka bar ni, da na mutu ina cewa na yi wa jikana iyakar ƙoƙarina. Yanzu ka zo ka gaya mini da hannuna na ba shi." Ta tashi ta ɗauko dutsen da ƙoƙon ta ɗora kusa da zaren. Sannan ta ce, "Shanye nonon. Hanya da nisa." Na shanye, don ban isa in bar shi ba. Ban sake ganin ta a kasuwar Gwaram ba.

Shekara biyu ba wanda ya sayi ko tsinke a hannuna. Yara suna bin kekena suna cewa mai jan zare. Na rufe rumfa na shiga leburancin hanya, ina dakon tsakuwa da ƙirjin nan nawa da ba ya noma. A cikin shekarun Gwaggo ta rasu. Wanda ya fara dawowa Malam Buba ne. Ya same ni a gida ya ce maƙogwaronsa ya gaji da ƙwayar kemis, in koma ruwa in tono masa. Ya ce, "Amma ka zo mini da ƙafarka in gani tukuna." Na je wani tafki can bayan Fagam, na tsaya a ciki har guda biyar suka kama ni, na zo masa da jinin bai gama bushewa ba. Ya duba, ya karɓi zare ɗaya. Daga kansa mutane suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, wasu kuma har suka mutu ba su sake bi ta gaban rumfata ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Da na kawo nan samarin nan uku sun daina taɓa waya. Na jawo tsohon gwangwanin da ke ƙasan akwatina na buɗe, na ciro zaren. Jansa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ƙwayoyin uku sun ƙanƙance sun yi tauri. Na miƙa wa mai karanto mini amfanin kajiji, na ce ya shinshina, kada ya kai baki. Ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa jikan ƙanena.

Na ce, "Me kuka ji?"

Suka ce, "Ƙamshi, Baba."

Na ce, "Ni ma abin da na ji ke nan."

Na mayar da shi gwangwani na rufe. Na ce wanda har yanzu yake son sana'ar ya same ni ranar Asabar da hantsi, ya zo da gajeren wando, ni zan kawo garin taba.